Tarihin Ƙananan Ƙarafa a Ƙasar Kano

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Duk wanda ya taɓa kai aiki maƙera ya san inda maganan nan ta dosa. Ga mutum ya gina shago, yana so ya kafa kanta a jikin bango don ya jera kayansa. Katako ya samu, ƙusa ta samu, saura ɗan ƙarfen da zai tallafi katakon daga ƙasa, wanda a ke lanƙwasawa kamar gwiwar hannu, gefe guda ya kama bango, gefe guda ya ɗauki kaya. Shi ne za a riƙa kira ƙarfen kusurwa cikin wannan labari. Mutumin ya zaga kantuna, waɗanda ya tarar ko sun yi tsawo ko sun gaza. Ba shi da wata dabara sai ya sa a ƙera masa.

Abu uku ya ke bukata ga maƙeri. Na fari, ƙarfen ya zo daidai da awon da ya bayar. Na biyu, fuskarsa ta fito sumul, ba kaushi, ba baki mai yankan hannu, ba tsatsa. Na uku, kada kuɗin ya fi ƙarfin aljihunsa. A yau a kan sami ukun nan gaba ɗaya, har waɗansu suna tsammani haka abin ya ke tun fil azal. Amma mutanen da sun yi shekaru aru aru ba su sami fiye da biyu ba a lokaci guda. In aikin ya yi kyau ya zo daidai, to, ya yi tsada. In ya yi araha, to, sai a yi haƙuri da fuskarsa. Yadda aka yi ukun suka haɗu labari ne mai tsawo, wanda ya faro daga gindin Dutsen Dala, ya ratsa Ingila da Faransa, sa'an nan ya komo Kano bisa jirgin ƙasa.

Zamanin Tama

Sana'ar ƙarfe daɗaɗɗiya ce a wannan ƙasa. A Taruga, kusa da Abuja, wani Bature mai binciken kayan tarihi, sunansa Bernard Fagg, ya tono tanderun narka tama cikin shekarun 1960, aka auna aka ga sun haura shekara 2,000. A Kano kuma an sami alamun aikin ƙarfe a Dutsen Dala, waɗanda masana suka ce na wajen ƙarni na 7 ne. Labarin baka ma hanyan nan ya bi, domin ana cewa Abagayawa, watau maƙeran da suka taso daga Gaya neman tama, suna cikin mutanen farko da suka zauna wurin.

Kafin maƙeri ya sami abin da zai buga sai an sha wahala mai yawa. Masu tama su kan fita daji da rani, bayan an kawar da amfanin gona. Su haƙo dutsen tama, su farfasa, su tsince na kirki. Su sare itatuwa masu tauri irin su ƙirya, su ƙona gawayi. Su gina tanderu na yumɓu, su jera gawayi da tama hawa hawa, su sa wuta. Wutan nan kuwa ba ta kai zafin da zai mai da ƙarfe ruwa ba. Abin da ya kan fito dunƙule ne mai ramuka kamar saƙar zuma, cakuɗe da datti. Sai an sake gasa shi, ana bugu ana ninkewa, har dattin ya fita, kana ya zama abin ƙira. Tulin dutse da tulin gawayi su ke tafiya kafin a sami abin da zai yi garma kaɗan.

Sabo da haka ƙarfe ya zama abu mai daraja, ba a yar da ko guntu. Fartanya in ta cinye a kan mai da ita wuƙa, wuƙa in ta cinye a mai da ita basilla. Magina kuwa suka ƙware ga yin gida ba tare da ƙarfe ba, da tubali da azara da igiya. Talaka ƙofar ɗakinsa asabari ne ko tufaniya. Ɗan ƙarfen da a ke da shi an keɓe shi ga gona da fagen fama da doki, watau garma da gatari da lauje, mashi da kibiya, linzami da likkafa da ƙaimi. Ƙyaure mai ƙarfe sai a gidan sarauta da na attajirai da ƙofofin birni. Sa'ad da Clapperton, Baturen Ingila da a ke kira Abdullahi, ya iso Kano cikin Janairu 1824, ya ƙidaya ƙofofin ganuwa 15, ya kuma rubuta cewa ƙyamarensu na itace ne da aka lulluɓe da fallayen ƙarfe. Ko wane falle daga cikinsu da masaba aka shimfiɗa shi, ko wace ƙusa da hannu aka fiƙe ta. Aiki ne wanda sai sarki ke iya sa a yi.

Ga yadda ƙaramin aiki ya kan kasance a zamanin nan. Maigida ya zo maƙera riƙe da kara, wanda ya karya daidai faɗin ƙyaurensa. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya ce, "Sannu da aiki, Sarkin Maƙera. Maɗauri biyu na ke so, ko wane kamar karan nan." Maƙeri ya karɓi kara ya juya, ya ce, "To, Malam, Allah ya kai mu jibi." Yaro ya kama zugazugi. Maƙeri ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya ɗauko da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta bugu da masaba har ya baje ya yi faɗi. Ya datse da kurfi, ya huda da madoshi tun yana da zafi, ya lanƙwasa. Yawancin lokacinsa wajen baje ƙarfen ya ke tafiya, domin dunƙule ya ke sayowa, shi zai mai da shi falle.

In an gama sai a ga shatar masaba ko ina, ga baƙin ɓawon da wuta ta bari. In maigida mai hali ne, sai maƙeri ya zauna da magagari ya yi ta gurza, ya goge da dutse da rairayi, ya shafa mai. Wannan gurzar ta kan ci lokaci fiye da ƙirar kanta, don haka ita ce ke ninka kuɗi. In kuwa ba shi da hali, sai ya ɗauka da kaushinsa. Ko an gurza ko ba a gurza ba, in aka jera maɗauran nan biyu za a ga ɗaya ya ɗara ɗaya, domin ido da kara su ne ma'auni.

Har wa yau maƙeran Kano sun kasu biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda ke yin mundaye da zobba da kayan adon doki. Ƙwari yana hannun na farko, ado yana hannun na biyu. Mai son ƙarfe mai ƙwari wanda kuma ya ke sheƙi sau da yawa sai ya jira ayari. Barth, Bajamushen nan da a ke kira Abdulkarim, wanda ya shigo Kano cikin 1851, ya tarar ana kawo ruwan takobi dubbai ta Hamada, mafi yawa daga Solingen ta ƙasar Jamus. A Kano a ke sa musu ƙota, dukawa su yi musu kube. Watau tun a lokacin an fara raba aiki: abin da a ke yi da yawa iri ɗaya daga waje ya ke zuwa, abin da sai an daidaita shi da hannun mai shi a gida a ke yi.

Abin da Ya Faru a Turai

Domin a gane abin da ya karya kuɗin ƙarfe a Kasuwar Kurmi sai an leƙa Ingila, inda su ma gawayin itace ya yi musu wuya sabo da sarar daji. Cikin 1709 wani mutum, Abraham Darby, ya narka tama da gasasshen kwal maimakon gawayi, a wani wuri da a ke kira Coalbrookdale. Kwal kuwa yana nan jibge ƙarƙashin ƙasarsu. Cikin 1783 da 1784 Henry Cort ya fito da hanyar tace ƙarfe da yawa, da kuma hanyar matse shi da zafinsa tsakanin manyan gammunan ƙarfe masu juyawa, ya fito sanda sanda, kaurinsa ɗaya daga wannan kai zuwa wancan. Sa'an nan cikin 1856 Henry Bessemer ya nuna cewa in aka hura iska cikin narkakken ƙarfe dattinsa ya kan ƙone da kansa, a sami tataccen ƙarfe tan tan cikin kamar minti 20. Daga nan kuɗin ƙarfe ya yi ta sauka. Abin lura a nan shi ne, injin matsewa ya ɗauke rabin wahalar maƙeri. Ƙarfe ya kan fito daga masana'anta a baje, fuskarsa a miƙe, saura yanka da huji da lanƙwasa kaɗai.

Sha'anin awo kuwa wajen maƙeran bindiga aka fara gyara shi. Cikin 1785 wani Bafaranshe, Honoré Blanc, ya wargaza kunamun bindiga 50, aka cakuɗa ƙananan ƙarafansu, sa'an nan aka riƙa ɗauko ko wanne ana haɗawa, suna shiga daram. Thomas Jefferson, wanda a lokacin shi ne jakadan Amurka a Faransa, ya gani da idonsa, ya rubuta wa ƙasarsu labari. Asirin abin samfur ne. A kan yi guda ɗaya na ƙarfe mai tauri, a ɗaure ko wane sabon aiki a jikinsa, a gurza har magagari ya taɓa samfur ya tsaya. Ta haka hannun almajiri ya kan fitar da abin da ya yi daidai da na gwani.

Noti ma da can ko wace masana'anta da irin murɗin da ta ke yanka masa, na wannan ba ya shiga na waccan. Cikin 1841 Joseph Whitworth ya kawo shawarar a tsai da murɗi iri ɗaya ga ko wane kauri, kamfanonin jirgin ƙasa na Ingila suka karɓa, saura suka bi. Tun daga nan wanda ya huda ƙarfe a wani gari ya san notin da za a saya a wani gari zai shiga.

Saura tsatsa, wadda ita ce babbar abokiyar gaban ƙarfe. Wajen 1837 wani injiniya a Faransa, Stanislas Sorel, ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, bayan an wanke shi sarai. Tutiyar ta kan manne masa ta tsare shi daga ruwa da iska shekaru da yawa. Ita ce farin nan da a ke gani a jikin kwanon rufi da bokiti.

Jirgi Ya Iso Kano

Turawan Ingila sun ci Kano cikin Fabrairu 1903. Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso, a shekarar da ta biyo kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Jirgin da ke tafiya da gyaɗa da fata da auduga ba ya komowa wofi. Ya kan zo da kwanon rufi da ƙusoshi da kwaɗuna da sandunan ƙarfe. Banda wannan kuma ga abin da a ke zubarwa: guntayen ƙarfen dogo, da gangunan mai, da langa-langa da a ke ɗaure dilolin kaya da shi, daga baya kuma ga tsofaffin sifirin na mota. Maƙeri ya duba ya ga ƙarfen da ya fi na tama tsabta yana yashe a juji, ana sayar masa da 'yan kwabbai. Cikin shekarun da suka biyo tanderun daji suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har sana'ar narka tama ta ɓace, aka bar tulin kashin maƙera a wuraren da aka yi ta.

Wannan sauyi ya zo wa maƙera da daɗi da ɗaci. Daɗin shi ne ƙarfe ya yi araha, ya kuma zo a baje. Wanda ya sami langa-langa ba ya bukatar ya kwana yana bugun dunƙule, sai ya datsa, ya huda, ya lanƙwasa, ya miƙa wa mai shi kafin la'asar. Ɗacin kuwa shi ne kantunan kamfanoni irin su John Holt, da U.A.C. wanda aka kafa cikin 1929, sun cika da allura da ƙusa da kwaɗo da wuƙa, waɗanda inji ya buga dubu dubu. Ba maƙerin da zai iya fiƙe ƙusa ɗaya ɗaya ya sayar da ita a kuɗin ta kanti. Masu wannan aiki da yawa suka rasa kasuwa.

Amma akwai wurin da kanti bai iya shiga ba. Masana'antar da ke Ingila ba ta san faɗin ƙyauren wani mutum a unguwar Yakasai ba, ba ta san kaurin bangonsa ba. Ga shi kuwa bukatar irin wannan aiki sai ƙaruwa ta ke yi. Mutane suka fara sa ƙyamaren katako da tagogi, 'yan tireda suka kafa kantoci, aka shigo da keke da keken ɗinki, kafintoci suna haɗa bodin manyan motoci da katako, ko wace kusurwa kuwa sai an ɗaure ta da ƙarfe. Daga wajen 1930 aka shiga koya wa manoma huɗa da garmar shanu, wadda in wani abu ya karye a jikinta tsakiyar damina ba a jiran a aiko daga Turai. Duk waɗannan maƙeri a ke kai wa. Sai ya zamana abin da ya riƙe sana'ar shi ne ƙaramin aikin nan na "yi mini kamar wannan."

A lokacin ne kuma rula da fensir suka fara shiga aikin ƙarfe. Makarantar da Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909 tana da sashen koyon sana'a, har da ƙira da kafinta. Ma'aikatun jirgin ƙasa da na En'e suka horar da samari su yi aiki da inci, su karanta zane, su huda ƙarfe da sanyinsa da injin huji. Cikin 1956 aka buɗe makarantar koyon fasaha a Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha cikin 1968. Waɗanda suka fito daga irin wuraren nan da yawa suka buɗe nasu shaguna, suka ɗauki yara.

Zamanin Walda

Maƙeran da sun iya haɗa ƙarfe biyu, su gasa su har su yi fari, su buga su manne, amma aiki ne mai wuya, ba kuma ko wane siffa ya ke karɓa ba. Cikin 1903 waɗansu Faransawa biyu, Fouché da Picard, suka fito da bututun walda na iskar gas. Cikin 1907 Oscar Kjellberg na ƙasar Suwidin ya ƙago sandar walda ta lantarki mai rufi, irin wadda a ke amfani da ita har yau. Waldar lantarki ba ta yaɗu a garuruwan Arewa ba sai da wuta ta yawaita. An gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, sa'an nan kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya kawo gine-ginen siminti, ko wane da ƙofar ƙarfe da tagar ƙarfe. Shagunan walda suka bazu bakin tituna. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ta shahara da sayar da ƙarafa da kayan gini, Panteka kuma a Kaduna ta zama matattarar masu ƙera abubuwa daga sabon ƙarfe da tsoho.

Da walda ƙarfen kusurwa ya zama aikin minti kaɗan. A yanko guntu biyu, a haɗa su, a gitta na uku a tsakani don ƙarin ƙarfi, shi ke nan. Araha ta samu, sauri ya samu. Ado ne ya rage baya, domin walda ta kan bar tabo da tartsatsi, zafinta kuma ya kan ja ƙarfe ya karkace in ba a ɗaure shi ba. Abin da ya taimaka shi ne injin gurza na hannu, mai faifai, wanda aka fara yi a Jamus cikin shekarun 1950. Gurzar da ta kan cinye wa maƙerin da yini guda, injin nan ya kan gama ta kafin a sha shayi.

Duk da haka mutane da yawa sun sayi aikin da ya yi kyau ran da aka kawo shi, damina ɗaya fenti ya ɓare. Dalili kuwa sananne ne. Sabon ƙarfe ya kan zo da wani siririn ɓawo baƙi daga masana'anta, ga kuma maiƙo. In aka shafa fenti bisa waɗannan, a jikinsu ya ke zama, ran da ɓawon ya tashi sai ya tafi da fentin, tsatsa ta shiga ta ƙarƙashi. Gwanaye su kan kankare ƙarfe har ya yi fari, su wanke maiƙon, su fara shafa jan fenti na maganin tsatsa, ya bushe, kana su sa na ado. Ƙarfen da aka riga aka tsoma a tutiya kuwa ba a so a yi masa walda a rufaffen wuri, domin hayaƙinsa ya kan sa zazzaɓi, wurin da aka ƙona kuma ya kan rasa tsarinsa. Daidai shi ne a gama walda tukuna, sa'an nan a yi rufi.

Inji Mai Karanta Zane

Mataki na baya bayan nan daga Amurka ya faro. Cikin 1952, a wata babbar makarantar fasaha ta jihar Massachusetts, aka nuna injin sassaƙa ƙarfe wanda ke bin lambobin da aka huda a jikin tef, ba hannun mutum a kansa. Cikin 1960 Theodore Maiman ya haɗa na'urar farko mai fid da tsinin haske mai ƙarfi, wanda a ke kira leza. Cikin 1967 kuma, a Ingila, Peter Houldcroft ya yanka fallen ƙarfe da irin hasken nan haɗe da iska. Da aka gama waɗannan dabaru da kwamfuta sai aka sami injin da a ke ba zane, ya yanka ƙarfe daidai da shi, har da ramukan noti, bakin yankan ya fito santsi. Daga nan a kai wani inji ya lanƙwasa. In ana son rufi mai kyau a fesa masa garin fenti wanda lantarki ke mannawa, a gasa cikin tanderu a zafin da ya kai wajen digiri 200, ya narke ya bi jiki. Akwai masu irin injunan nan a Ikko da waɗansu manyan birane, suna karɓar aikin mutane.

Abin mamaki, injin nan bai rushe wata tsohuwar ƙa'ida ba: guda na farko shi ne mai tsada. Ga misali da lissafi. A ce shirya zane da daidaita inji, ko kuwa yin samfur a shagon mai walda, ya ci minti 60, ƙera ko wane guda kuma ya ci minti 5. Wanda ya sa a yi masa guda 1 zai biya ladan minti 65. Wanda ya sa a yi guda 20 zai biya ladan minti 160, watau minti 8 ke nan ko wane guda. A zamanin tama ƙarfen ne mai tsada, lokacin maƙeri ba a bakin kome ya ke ba. Yanzu abin ya juya, a ƙaramin aiki lokacin ma'aikaci da shirinsa su ne mafi yawan kuɗin.

Abin da Mai Kai Aiki Zai Riƙe

Duk wanda ya bi labarin nan zai ga cewa ko wane zamani ya bar wa mai kai aiki wata dabara. Masu hankali su kan tafi da awo a rubuce, tsawo da faɗi da kauri da wurin ko wane rami, su kuma faɗi ko da inci su ke magana ko da milimita, domin tun shekarun 1970 da Nijeriya ta koma awon mita ana amfani da duka biyu a shaguna, inci 1 kuwa milimita 25.4 ne. Wanda ya yanka kwali daidai siffar abin da ya ke so, ya gwada shi a bango kafin ya tafi, ya yi abin da Blanc ya yi, kuskuren da zai yi a ƙarfe ya yi shi a kwali.

Su kan zaɓi kaurin da ke akwai a kasuwa, kamar milimita 2 ko 3 ga kanta madaidaiciya, don kada a sa ma'aikaci neman abin da babu. Ba su karɓar ƙarfen sifirin ga wannan aiki, domin taurinsa na wuƙa da gatari ne, ya kan tsage in an lanƙwasa shi da sanyi, ya kuma ci bakin abin huji. Inda lanƙwasa za ta isa ba su sa a yi walda, domin lanƙwasa ba ta barin tabo. Su kan nisanta rami daga gwiwar ƙarfen da aƙalla ninki biyu na kaurinsa, don kada ya baje wajen lanƙwasa. Su kan ƙidaya dukan abin da su ke bukata su bayar gaba ɗaya, har su ƙara ɗaya ko biyu na ajiya, wani lokaci maƙwabta su haɗa aikinsu. Kafin a yanke kuɗi kuma su kan tsai da maganar gamawa: za a kashe kaifin baki, za a gurje walda, za a kankare a sa fentin ƙasa, ko kuwa a'a. Rigima da yawa tsakanin mai aiki da mai walda daga nan ta ke tasowa, ɗaya yana nufin ƙarfe tsirara, ɗaya yana nufin gamamme.

Maigidan da ya je maƙera da kara a hannu bai da wata hanya ta faɗin abin da ke ransa sai karan nan. Jikansa da ya shiga ajin manya ya koyi karatu da lissafi yana iya zana kusurwa a takarda, ya rubuta 150 a wannan gefe, 200 a wancan, ya sa alamar ramuka, ya rubuta "guda 12" a ƙasa. Takardan nan maƙerin unguwa zai karanta ta, mai walda na Ƙofar Ruwa zai karanta ta, mai injin leza a Ikko ma zai karanta ta, ko wannensu ya faɗi kuɗinsa, mai aiki ya zaɓa. In an kawo kaya sai ya ɗora rula a kai ya duba kafin ya biya.